Tsohon da ba ya da ɗakin kansa, ko a Ostireliya yake yana cikin wani hali

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wagga jarida tamu, ina roƙon ka ɗan ba ni fili. Zan ja zance, ka yi haƙuri da ni, malamin makaranta ne ni kuma ka san halinmu, in munka kama alli ba mu ajiyewa sai an kaɗa ƙararrawa.

Wata gardama ce ta sarƙe a majalisarmu nan Gusau, gindin darbejiyar da muke zama bayan la'asar kusa da mai shayi. Yawancinmu ko dai mun yi ritaya ko muna ƙirga watanni, to ka san hirar ba ta wuce fansho da garatuti da ciwon gwiwa. Ranar wani abokina, tsohon malamin gona, ya dawo daga tantancewar 'yan fansho a gajiye, ya wuni kan layi da fayil a hammata ba a ko kai kansa ba, ya zauna ya ce wallahi da ma a Ostireliya anka haife shi, ya ji ance can gwamnati albashi take ba kowane tsoho har ya koma ga Allah, ba layi ba roƙo ba a dawo gobe. Kowa ya ce ƙwarai kuwa. Ni kaɗai na ce maganar gaskiya ce amma rabinta ce, nan fa anka yi caa a kaina, wai na cika gardama. To tunda ba a bar ni na ƙarasa ba a majalisa, bari in ƙarasa a nan.

Ni dai ban taɓa zuwa Ostireliya ba, iyakata Saudiyya sau ɗaya. Amma ina da ɗan ƙanwata da ya tafi can karatun jinya, yana wani birni da ake ce ma Adeled, kuma aikin da yake yi yana ɗan samun na kashewa shi ne bin tsofaffi gida-gida, ya yi masu wanka, ya duba maganinsu, ya ɗan gyara ɗaki. Yaro ne mai yawan turo saƙon murya a WhatsApp, wani lokaci minti goma yana zuba, kuma daga bakinsa na fara jin abin da ya sa na koma ina bincike da kaina.

Bari in fara ba su haƙƙinsu. Tun 1909 gwamnatin tarayyarsu ke biyan fanshon tsufa, dokar a 1908 anka yi ta. Ka duba fa, shekara shida ke nan kacal bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, ko haɗe Kudu da Arewa ba a yi ba. Kuma ba irin namu ba ne da sai wanda ya yi aikin gwamnati ko na kamfani. Manomi ne kai, direba ne, matar aure ce da ba ta taɓa karɓar albashi ba, in dai ka kai shekarun, ka zauna ƙasar aƙalla shekara 10, kuma anka auna abin da kake samu da abin da ka mallaka anka ga bai wuce wani ƙa'idajjen mizani ba, za a ba ka. Da can shekara 65 ne ga maza, sunka yi ta ɗagawa da kaɗan-kaɗan har ya kai 67 a watan Yulin 2023. Duk sati biyu kuɗin ke shiga, kuma sau biyu a shekara, Maris da Satumba, ana duba tsadar kaya a ɗan ƙara. Wanda yake shi kaɗai ba mata ba miji, cikakken fanshonsa ya haura dala 1,100 ta ƙasarsu a sati biyun, in ka juya shi zuwa naira yana wajen miliyan guda. Da na faɗi wannan a majalisa sai da wani ya ajiye kofin shayinsa ya riƙe baki.

To amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Miliyan ɗin ba a kasuwar Tudun Wada za ka kashe shi ba.

Su can hayar gida da sati ake lissafinta, ba da shekara ba irin namu. A babban birni kamar Sidni ɗan madaidaicin gida ya wuce dala 600 a sati. Raba fanshon nan biyu ka gani, abin da tsoho ke samu a sati bai ma kai kuɗin hayar ba, balle abinci balle wuta. E, akwai wani tallafin haya da gwamnati ke ɗorawa a kai, sun ƙara shi da kashi 15 cikin ɗari a 2023 sannan kashi 10 a 2024, amma duk da ƙarin iyakarsa ɗan sama da dala 200 ne a sati biyu ga mutum ɗaya. Akwai wata ƙungiyar agaji ta cocin Anglika, Anglicare, da duk shekara take bin tallan gidajen haya na ƙasar baki ɗaya ta ƙirga guda nawa ne mai fansho zai iya kamawa ba tare da ya shiga uku ba. A 'yan shekarun nan abin da suke samu ga tsohon da ke shi kaɗai bai kai gida ɗaya cikin ɗari ba.

Nan ne gizo ke saƙar, Malam Edita, kuma shi ne dalilin wasiƙata. Waɗanda sunka tsara fanshon nan sun tsara shi ne da zaton duk wanda ya tsufa ya riga ya mallaki gidansa ya gama biyan bashin banki. Shi ya sa ma in ana auna dukiyarka don a ga ko ka cancanta, gidan da kake ciki ba a sa shi cikin lissafi, ko da kuwa ya kai miliyoyin daloli. Kuma gaskiya mafi yawan tsofaffinsu na yanzu suna da gidajensu, waɗannan suna lallaɓawa, ba wadata ba ce amma akwai rufin asiri. Sai ka samu tsofaffi biyu layi ɗaya, fansho iri ɗaya, shekaru ɗaya, ɗaya na shayar da furanninta da yamma tana jiran jikoki, ɗayar kuma gabanta na faɗuwa duk sadda ta ga takarda daga dillalin mai gida. Bambancinsu ɗaki ne kawai.

Ɗan ƙanwar tawa ya ba ni labarin wata da yake zuwa wurinta, ta haura saba'in da biyar. Cikin watan Yuli ne ya turo saƙon, mu muna tsakiyar damina su kuma suna tsakiyar hunturu, don lokutansu a juye suke da namu. Ya ce Kawu, na shiga ɗakin matar nan da safe wallahi cikin ɗakin ya fi waje sanyi, na same ta zaune kan kujera da rigar sanyi biyu da hula da bargo a cinya, ga na'urar ɗumama ɗaki nan a gefenta a kashe, ta ma zare wayar daga bango ta naɗe ta. Ya ce zai kunna mata ta ce a'a, ita ba ta jin sanyi, alhali hannunta kamar ƙanƙara. Daga baya da sunka saba ne ta gaya masa dabararta: in gari ya waye takan shiga bas ta tafi laburaren unguwa ko babban kanti, ta zauna can inda akwai ɗumi kyauta har yamma, ta dawo ta sha shayi da burodi ta shige bargo tun kafin duhu ya gama yi. Da ya buɗe firij ɗinta don ya ajiye mata madara, abin da ke ciki bai wuce man shafa burodi da rabin kabeji da ƙwai uku ba. Kuma matar nan ba mabaraciya ba ce, ta yi aikin ofis a ƙuruciyarta, kayanta a goge, gashinta a gyare, in ka gan ta a bas ba za ka taɓa cewa da yunwa ta kwana ba. Abin da ya fi tsaya mani a rai, ya ce akwai famfon da ke yoyo a bayinta wata da watanni amma ta hana shi ya kai ƙara, tana tsoron in ta cika damun mai gida zai ƙi sabunta mata yarjejeniya ko ya ƙara kuɗi, ita kuma ta tashi gida sau uku cikin 'yan shekaru, ba ta da ƙarfin ta huɗu.

Me ya kai ta nan? Ba shaye-shaye ba, ba caca ba. Aure ne ya mutu tana da shekara hamsin da wani abu, anka sayar da gidan anka raba, kasonta bai isa sayen wani ba, ta shiga haya tana cin kuɗin da kaɗan-kaɗan har sunka ƙare. Kuma irinta suna da yawa. Tsakanin ƙidayarsu ta 2011 da ta 2016, yawan mata masu shekara 55 zuwa sama da ba su da matsuguni ya ƙaru da kashi 31 cikin ɗari, abin da ya tayar da hankalin ƙasar ke nan don ba wanda ya zaci kakanni ne za su shiga wannan layi. A ƙidayar 2021 sun samu mutum sama da 122,000 marasa matsuguni, fiye da 19,000 daga ciki sun kai 55 ko sun wuce. Sai dai a lura, su in sunka ce marar matsuguni ba sai mai kwana a titi ba, har da mai kwana cikin mota, da mai raɓe a falon wani, da waɗanda sunka cushe a gida fiye da ƙima. (Da wanga ma'auni za a auna wasu unguwanninmu na Gusau ban san me zai rage ba.)

Dalilin da ya sa abin ya fi cin mata yana da tarihi. Ban da fanshon gwamnati suna da wani asusun ajiyar tsufa da suke ce ma sufa, wanda anka wajabta a 1992 zamanin Firaminista Paul Keating, mai aiki ne ke zuba wa ma'aikacinsa wani kaso na albashi. Da kashi 3 cikin ɗari anka fara, yanzu ya kai 12 tun Yulin 2025. Ya yi kama da tsarin da munka shiga nan Najeriya a 2004, wanda bayan gyaran 2014 ma'aikaci ke ba da kashi 8 mai aiki ya ba da 10. To wanda yau yake da shekara tamanin, rabin rayuwar aikinsa ta wuce kafin a fara, kuma da anka fara ɗin ma ɗan kaɗan ne. Mace kuwa da ta ajiye aiki ta yi renon 'ya'ya, ta dawo ta yi jinyar uwa, ta yi ta miji, duk shekarun nan ba wanda ya zuba mata ko kwabo. Har zuwa 1966 ma doka ce a aikin gwamnatin tarayyarsu mace in ta yi aure ta bar kujerarta ta dindindin. Wato ta yi wa kowa bauta, da ta tsufa asusunta wayam. Wannan kam ba sai an fassara wa matanmu ba.

Akwai kuma waɗanda sunka faɗa rami tsakanin aiki da fansho. Mutum na da shekara 60 kamfani ya rufe ko bayansa ya ƙi, ya nemi aiki a ce ya tsufa, ya nemi fansho a ce bai kai ba, sai ya zauna kan tallafin marasa aiki wanda ya gaza fansho nesa ba kusa ba, shekara bakwai yana cinye ɗan abin da ya tara, kafin ya kai 67 ya zama fanko. Su kuwa 'yan asalin ƙasar, Aborijin, da Turawa sunka tarar, tsawon rayuwarsu ya gaza na sauran da wajen shekara 8, to ka ga ɗaga shekarun fansho a wurinsu wata magana ce daban.

Wani zai ce ai suna da asibiti kyauta. Suna da tsarin Medicare tun 1984, kuma ba ƙaramin abu ba ne, maganin da likita ya rubuta ma mai katin fansho 'yan daloli yake biya, wannan ko kusa ba mu kama ƙafarsu ba. Amma haƙori ba ya cikin tsarin ga mafi yawan manya, sai dai ka bi layin asibitin haƙori na gwamnati wanda jiransa kan kai shekara ko fiye, ko ka je na kuɗi. Kuma tsoho in haƙori ya lalace ai komai ya lalace, ba ya tauna nama ba ya tauna 'ya'yan itace, sai shayi da burodi da abin da ya jiƙa, jiki ya yi ta zubewa, ƙafa ta yi rauni, ya faɗi a bayi ya karya ƙugu, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Ga kunya, mutum ya daina dariya cikin mutane, ya daina zuwa inda ake cin abinci tare. Likitoci da yawa kuma suna ɗora nasu kuɗi a kan abin da gwamnati ke biya, musamman manyan likitoci ƙwararru, sai tsoho ya yi ta ɗaga zuwa yana cewa bari wata ya kama.

Zafi ma haka. A ƙarshen Janairun 2009 birnin Melbon ya yi kwana uku a jere zafi na wuce digiri 43, hukumar lafiya ta jihar Biktoriya ta ƙiyasta mutum 374 sunka mutu fiye da yadda aka saba a wannan mako, mafi yawansu tsofaffi. Mu nan 43 ba baƙonmu ba ne, kowane Afrilu muna shan abinmu, amma mu muna fitar da tabarma tsakar gida, jika ya kawo ruwan randa, maƙwabci ya leƙo ya ce Baba yaya zafi. Ka ɗauki tsoho shi kaɗai a ɗaki rufe, na'urar sanyi na nan ko babu, yana tsoron takardar kuɗin wuta, ba mai leƙowa. Abin da ke kashewa ke nan, ba zafin kaɗai ba.

Kaɗaicin nan shi ne ban iya hango shi da kyau ba sai da yaron ya yi mani bayani. Ya ce Kawu, can fita kuɗi ce. In abokai sunka ce a haɗu a sha kofi, kuɗi ne, in jikanka na bikin ranar haihuwa sai ka riƙe kyauta, in mota ta lalace ka kasa gyarawa shi ke nan ka yanke da mutane don unguwanninsu a warwatse suke. To marar hali sai ya fara ƙirƙiro uzuri, yau ba ni jin daɗi, gobe ina da baƙo, har a gaji a daina kiransa. Ya ce akwai dattijon da in ya je wurinsa ba ya son ya gama aikin, sai ya yi ta jan sa da labarin ƙwallo, don shi ne kaɗai ɗan Adam ɗin da zai yi magana da shi a wannan satin. Alƙaluman hukumar ƙididdigarsu sun sha nuna cewa in anka bi rukunin shekaru, maza masu 85 zuwa sama suna cikin waɗanda sunka fi kowa kashe kansu, Allah ya kiyashe mu. Har wata dabara sunka ɓullo da ita tun wajen shekarun 1990, rumfunan maza, inda dattawa ke taruwa suna 'yar sassaƙa da gyaran kujeru suna hira, yanzu sun fi dubu a ƙasar kuma gwamnati na tallafa masu. Da na ji haka dariya ta kama ni, na ce wa abokaina ku ga majalisarmu ce fa wasu ke kashe kuɗi su ƙirƙira, mu ga ta nan a banza gindin darbejiya muna raina ta.

Gidajen kula da tsofaffi kuwa ba zan daɗe a kansu ba, ya isa in ce sai da gwamnati ta kafa babban kwamitin bincike a 2018, rahotonsa na farko a 2019 sunan da sunka sa masa da Turanci ma'anarsa sakaci, kalma ɗaya tak.

Na san mai karatu zai ce Malam, mu da ke fama da 'yan bindiga da tsadar masara me ya haɗa mu da tsohuwar da ke da firij da bas da laburare? Gaskiya ne, kuma ba ni cewa wahalarsu ɗaya da tamu. Su talaucinsu da awo ake gane shi, wanda abin da yake samu bai kai rabin na matsakaicin mutum ba shi ne talaka, ko da yana da talabijin. Matalaucin tsohonsu ya fi mai rufin asirinmu samun magani, wannan ba gardama. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ai ba tsayawa za ka yi kana auna tsawon gemun ba.

Ga abin da nake gani. Mu namu fanshon na gargajiya ƙafa uku gare shi kamar murhu, gona da gidan gado da 'ya'ya. Da su ne kakanninmu sunka tsufa cikin mutunci ba tare da sun san wata kalma wai ita fansho ba. Kuma duk sadda anka yi zancen tsofaffin Turawa sai mu bugi ƙirji mu ce mu ba mu yar da iyayenmu, muna da zumunci. To a Zamfara ta yau ina ƙafafun nan uku suke?

Akwai wani dattijo da ke zama bakin masallacin unguwarmu, daga wani ƙauye na yankin Maru ya fito, ba zan faɗi sunan garin ba. Mutumin nan da rumbunsa uku, da shanun huɗa, da gida mai zaure wanda baƙo ke sauka, shi ake kai wa ƙara in anka yi faɗa kan iyakar gona. Dare ɗaya ya baro komai da rigar da ke wuyansa. Yanzu ɗaki ɗaya yake haya a wani gida da ba a gama ginawa ba, taga buhu anka toshe ta da shi, shi da tsohuwarsa da jikoki huɗu da ubansu ya rasu a harin. Ɗansa da ya rage yana acaba, shi ma da nasa iyalin, tun da anka cire tallafin mai a 2023 abin da yake kawowa ya ragu. Baba ba ya bara, wallahi ko ka miƙa masa sai ka yi dabara, sai dai ya zo sallar azahar ya ƙi komawa gida har isha'i, na daɗe ina zaton tsabar ibada ce, ashe kar ya zauna ne jikoki na kallonsa yana kallonsu ba abin da zai ba su. Ran da ya gane na gane sai ya ce mani, Malam, yunwa ba ta dame ni kamar ƙarshen shekara ba, in mai ɗakin nan ya ce in tashi ina za ni da yaran nan? Ina jin haka sai tsohuwar Adeled ta faɗo mani a rai da famfonta mai yoyo. Ita laburare, shi masallaci.

Kuma kar mu ma'aikata mu ɗauka mun tsira. Nawa ne cikinmu sunka yi shekara 35 suna aiki a gidan haya, da niyyar in garatuti ya fito a yi gini? Ni kaina ina ciki, ba zan ɓoye ba. Ina da fili bayan gari, ginin ya kai linta ya tsaya yau shekara shida, duk sadda na tara kuɗin kwano sai in tarar ya ninka, har ciyawa ta fito a inda nake cewa nan ne ɗakin uwargida. Saura mani wata goma sha huɗu. In garatutin ya yi jinkiri irin yadda ya yi wa na gabana, to ni ma ɗan haya ne mai fansho, kuma nawa fanshon ba a duba shi Maris da Satumba. 'Ya'yanmu da muke taƙama da su kuwa, wanda ya yi karatu yana Abuja ko Kaduna yana fama da tasa hayar, ɗaki biyu da mata da yara, ko yana so ina zai sa ka? Ba rashin tarbiyya ba ne, haka su ma na Ostireliyan sunka fara, ba wai an haife su da ƙin iyaye ba ne, aiki ne ya watsa su, gida ya yi tsada, zaure ya ɓace.

Shi ya sa nake kira ga masu hannu da shuni da malamanmu da ke wa'azin waƙafi. Mun iya gina masallaci, layi ɗaya sai ka ga uku, Allah ya ba da lada. Amma waƙafin ɗakuna fa? Mutum ya gina ɗaki goma ya ce na tsofaffin da ba su da inda za su ne, ba haya, ba mai tashinsu har rai ya yi halinsa, kuma a cikin unguwa kusa da masallaci da kasuwa, ba can bayan gari inda za a killace su kamar marasa lafiya ba. Muna da hukumar zakka da waƙafi a jihar nan, tsarin da za a bi yana nan ba sai an ƙirƙiro ba. Buhun shinkafar azumi yana da amfani, amma kwana nawa yake yi? Sannan a ƙirga su. Abin da ya burge ni da mutanen can ke nan, duk abin kunyarsu sun san adadinsa, sun san mata nawa ne, sun san shekarunsu, shi ya sa har ni da ke Gusau na iya kawo maka lamba. Masu unguwanni da limamai sun san kowane tsoho da ya yi gudun hijira ya shigo unguwarsu, littafi ɗaya da biro ya isa a fara. Su kuma masu tsara fanshon ma'aikata, a samo hanyar da mutum zai rufa ɗakinsa tun yana cikin aiki, ba sai ya fita yana jan ƙafa ba.

Jiya bayan magariba na ba Baba labarin tsohuwar nan, don in ɗan ɗebe masa kewa. Ya saurara har na gama, bai ce komai ba kan dala ko firij, tambaya ɗaya ya yi, wai shin ba ta da ɗa ne? Na ce bari in tambaya. Na tura wa yaron saƙo, da asuba na tarar da amsa, ya ce tana da ɗa guda, yana birnin Fat can yammacin ƙasar, tafiyar kusan kilomita 2,700 a mota, yana kiranta duk Lahadi, kuma duk sadda ya tambaye ta sai ta ce masa komai lafiya lau. Da na gaya wa Baba sai ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce shi ma haka yake ce wa nasa.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani malamin makaranta mai jiran ritaya,
Gusau, Jihar Zamfara.